Tufar da ke Bin Fata: Suturar Matan Takari a Hanyar Makka

Malaman da suka rubuta labarin hanyar hajji daga ƙasashenmu zuwa Hijaz, tun daga Mansa Musa wanda ya ratsa Misira a 1324, da Askiya Muhammadu wanda ya kama hanya a 1496, har zuwa Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya zo ta jirgin ruwa a 1921, sun ƙididdige mana zinariya da raƙuma da zangunan da aka yada, sun kuma siffanta alkyabbu da rawunan manya. Amma matan da suka taka wannan hanya da ƙafafunsu, da goyo a baya da ƙwarya a ka, ba safai aka kula da abin da suka sa a jikinsu ba, balle tufar da ke can ƙarƙashi, wadda ita ce ke shan gumin rana, ita ce kuma ke fara tarbar sanyin asuba. Abin da ya motsa ni ga waiwayar wannan babi shi ne wata 'yar riga marar nauyi da ta soma bayyana a kantunan Jidda, wadda aka saƙa da ulun wasu tumaki da ake kira Marino, ana sayar da ita ga mata masu hawan duwatsun Ɗa'ifa da Asir, ana cewa a sa ta ƙarƙashin sauran tufafi, ko da zafi ko da ɗari. Duk Bahaushen da ya ji an ce a sa ulu a kan fata a garin da gumi ba ya bushewa, lalle zai yi mamaki, mamakin nasa kuwa yana da asali.

Asalin shi ne Allah bai hore wa ƙasar Hausa tunkiya mai ulu ba. Balami da Uda da 'Yankasa, waɗanda su ne dukiyarmu ta layya da suna, gashi gare su gajere mai kaushi, ba ya kaɗuwa balle ya saƙu. A faɗin Afirka ta Yamma kuwa ba inda aka shahara da tumaki masu ulu sai Masina, a fadamun Kwara na ƙasar Mali ta yau, inda masaƙan Fulani ke yin barguna masu nauyi waɗanda fatake ke yawo da su kasuwa kasuwa. Saboda haka ulun da kakanninmu suka fi sani baƙo ne, ya keto Sahara a bayan raƙumi daga Ɗarabulus ta Gadamas da Gat, wato jauha da mulufi da alkyabba, kaya masu tsada na sarakuna da hakimai da alƙalai, har da dawakinsu, domin da mulufi ake ƙawata kayan doki ranar hawan salla. Bilhasali ulu a wurinmu tufar sama ce, ta maza, ta alfarma, wadda ake yafawa a kan riga don a gani a girmama.

Mace kuwa auduga ce rabonta, kuma da hannunta ta samar da ita tun daga farko. Ita ce ke gurza ta a kan magurji ta fitar da angurya, ta shiɓe ta da baka, ta zauna da mazari da alli ta kaɗa zare da abawa, sannan ta kai wa masaƙi ko ta kafa nata masaƙar a ɗaki. Abin da ya fito shi ne saƙi, mai kauri, mai ƙofofin iska, wanda duk yadda aka wanke shi sai ƙara laushi yake yi. Daga cikinsa ake yin mukuru ko fatari na ƙarƙashi, a ɗaura zane a kai, a ƙara gyauto, a yafa mayafi, a ɗaure kai da fatala. Mai hali ta nemi turkuɗi irin na Kura, wanda aka tsoma a baba sau da yawa, aka buge shi da shuni a kan mabugi har ya yi ta walƙiya, wanda kuma in mace ta yini da shi sai shunin ya zauna a wuyanta da damatsanta, ita kuwa ba ta ɗauki wannan a matsayin dauɗa ba, ado ne. Bajamushen nan Barth, da ya zauna Kano a 1851, ya shaida cewa tufafin birnin suna kai wa har Murzuk da Ɗarabulus da Tambutu, ya kuma ga cewa wannan sana'a ta cikin gidaje ita ce ƙashin bayan arzikin ƙasar. Da irin waɗannan tufafi matan suka kama hanyar gabas.

Hanyar ta daɗe, amma ba ta cika maƙil ba sai bayan da Nasara suka ci ƙasar, Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har gaɓar Shuɗin Nilu, inda garin da ke ɗauke da sunansa yake har yau kusa da Sinnar. Daga nan ayari ya yi ta bin ayari, daga Kano zuwa Borno, a haye zuwa Fort Lamy wadda ake kira Njamena yanzu, a ratsa Wadai ta Abeshe, a shiga Darfur ta Junaina da Fashir, a kai Ubayyid inda jirgin ƙasa ya iso wajen 1912, wanda bai da kuɗin jirgi kuwa ya ci gaba da sayyada. Akan tashi ne bayan kaka, lokacin da aka kai amfanin gona rumbu, koguna suka janye, ma'ana a tsakiyar hunturu. Wanda ya san dajin Wadai da tuddan Darfur, inda dutsen Marra ya kai kusan mita 3,000, ya san rana a can tana dafa mutum da azahar, dare kuma ya zo da sanyin da ke shiga ƙashi.

A nan ne halin auduga ke bayyana, alherinta da aibinta. Takan shanye gumi da sauri, amma takan riƙe shi, har in rana ta faɗi iska ta kaɗo sai fatarin da ya jiƙe tun hantsi ya manne wa fata ya koma sanyi ƙalau, daga nan kuma sai mura da ciwon haƙarƙari, musamman ga mai shayarwa da tsohuwa. Matan ayari ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun san maganinsa: da an sauka zango, kafin ma a ɗora tukunya, sai a kewaya bayan kaya a sauya na ƙarƙashi, a shanya jiƙaƙƙen a kan ƙaya, a shafe jiki da man shanu ko man kaɗe saboda faso da ƙaiƙayin hunturu, a lulluɓa da gwado ko luru a matso kusa da wuta. Hikimar da masu kantunan yau ke koyarwa, ta sa tufa hawa hawa, a rage in zafi ya taso, a ƙara in sanyi ya sauko, ita ce ainihin tsarin zane da gyauto da mayafi. Ga kuma wata falala da tufa marar ɗinki ke da ita wadda riga ba ta da ita, domin zanen nan guda shi ne majanyi, shi ne shimfiɗa, shi ne labule, shi ne abin salla, a ƙasan ƙunshin kuwa akwai farin ƙyalle da ba a taɓawa, likkafani, wanda ake fatan a tsoma shi a Zamzam, wanda kuma da yawa suka buƙace shi tun ba su ga teku ba.

Tafiyar takan ci shekaru, domin guzuri kan ƙare a tsaya a yi ƙwadago. Bayan an gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin Jazira, dubban Hausawa maza da mata suka shiga tsinkar auduga mai dogon zare wadda ake lodawa zuwa masaƙun Ingila, ta dawo musu alawayyo da akoko. A nan saƙin gida ya soma tsufa ba a maye gurbinsa ba, mata da yawa suka koyi naɗa doguwar tufar matan Sudan. Daga nan sai Sawakin, a yi lamba, a jira jirgi, marasa takarda kuwa su shiga kwale-kwalen Larabawa da dare, a zubar da su a gaɓar Lis ko Ƙunfuza su ƙarasa da ƙafa.

Jiddar da suka tarar, wadda Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah ya ƙara masa yarda, ya mayar da ita mashigar Makka ta teku a shekara ta 26 bayan Hijira, birni ce mai ganuwa a lokacin, Takari kuwa, wato mutanen ƙasashenmu, a bayan ganuwa suke, a bukkokin unguwar Nakatu ta kudu, kamar yadda daga baya suka cika Karantina da Gulail da Hindawiyya da kewayen Mahjar, inda aka gina wurin killace alhazai. Zafin Jidda ba irin na Kano ba ne, domin a Kano gumi yakan bushe ya bar gishiri a tufa, a nan kuwa iskar teku jiƙe take, zane yakan kwana a igiya da danshinsa; ga shi ruwan wanki ya yi tsada, ana sayensa a gwangwani daga injin tace ruwan teku da mutanen gari ke kira kindasa, sai a 1947, shekarar da aka rushe ganuwa, aka jawo ruwan Ainul Aziziyya daga Wadi Faɗima. Mazan Takari da yawa sun ci abinci da dakon wannan ruwa, matansu kuma da wankau. A wuraren killacewa na Bahar Maliya, irin su tsibirin Kamaran da Ɗur, har turara kayan alhazai ake yi da tururi mai zafi saboda annobar kwalara, abin da auduga ke jurewa, ulu kuwa ya tsuke ya dunƙule.

Sai dai a nan Hijaz ne Bahaushiya ta fara ganin ulu a wani matsayi dabam da wanda ta sani. Ta ga Balaraben ƙauye yana yawo cikin garjin rana da mishlahi na sufi ko na gashin raƙumi, shara-shara har ana hango abin da ke bayansa, ta ga tantinsa baƙi na gashin awaki, in ɗari ya zo kuma ta gan shi cikin farwa mai fatar rago a ciki. Wanda ya yi karatu ya san Suratun Nahli ta ambaci ulun dabbobi da gashinsu cikin ni'imomin Ubangiji, ta kuma ambaci riguna masu kare mutum daga zafi. Ya san kuma ya tabbata a hadisin Mugira ɗan Shu'uba cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa jabba ta sufi mai matsattsun hannuwa a tafiyar Tabuka. Makka ba ta cika sanyi ba, gaskiya ne, amma wadda ta yi ziyarar Madina a watan Janairu, ta fita asuba da zane ɗaya da mayafin alawayyo, ba ta buƙatar a gaya mata amfanin bargo.

Zamanin jirgin sama ya taƙaita tafiyar shekaru zuwa sa'o'i, tun daga shekarun 1950, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi hajjinsa na farko a 1955, zuwa buɗe babban filin jirgin Sarki Abdul'aziz a 1981 da rumfunansa masu siffar tanti. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, atamfa ta wadata, shimi da ɗan tofi na kanti suka kori mukuru, hukumomin alhazai suka fito da yunifom, kowace jiha da irin zanenta, don a gane ɓataccen alhaji cikin cunkoso. 'Yan Kano-Jidda suka buɗe fatauci, suna kai abaya da hijabi da yadi daga kasuwannin Bab Sharif da Bab Makka zuwa Kantin Kwari. Ba na musun alherin da ke cikin wannan duka, amma akwai hasarar da ta shigo ta ƙarƙashi ba a lura ba, wato yadin roba. Yawancin zaren roba ba ya shan ruwan da ya kai ko kashi 1 cikin 100 na nauyinsa, saboda haka mace mai shimi na roba, da atamfa mai gaurayen roba, da dogon hijabi na roba a kai, tamkar an ƙulle ta ne a leda. Ga ta kuwa za ta yi ɗawafi, ta yi sa'ayi fiye da kilomita 3 tsakanin Safa da Marwa, ta yini a Arfa, ta kwana a fili a Muzdalifa, ta yi ta kai da komowa wurin jifa a Mina. A hajjin 2024, da zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301; sababban wannan musiba suna da yawa, galibin mamatan ma marasa izini ne da suka rasa tanti da mota, amma duk wanda ya ga yadda iyayenmu mata ke fama cikin roba a irin wannan rana ba zai ce tufa ƙaramin al'amari ba ce.

Tunkiyar Marino kuwa tata hijirar ta yi. A ƙasar Andalus ta tashi, masu tarihi da yawa kuma suna ganin akwai jinin ragunan Magrib a jikinta. Sarakunan Sifen suka kafa wa makiyayanta ƙungiya mai suna Mesta a 1273, suka riƙe ta ƙam har fitar da ita daga ƙasar ya zama laifin kisa. Sai a ƙarni na 18 ƙofa ta buɗe, aka kai garke Faransa a 1786, wasu 'yan kaɗan suka isa Afirka ta Kudu a 1789, daga can aka ɗauki wasu zuwa Ostareliya a 1797, ƙasar da yau ta fi kowace samar da ulu mai laushi na sutura. Abin lura ga mazaunin Jidda shi ne tunkiyar ta riga rigarta zuwa garin nan, domin tun daga shekarun 1970 manyan jiragen ruwa suka fara sauke tumakin Ostareliya a tashar Jidda don yanka, galibinsu kuwa na wannan iri ne, ko da yake yawancin dabbobin hadaya daga Barbara da Bur Sudan suke zuwa. Tsofaffin mahauta suna tuna jirgin Cormo Express na 2003, wanda aka hana shi sauke tumaki kimanin 57,000 saboda zargin cuta, ya yi ta shawagi a teku har Iritiriya ta karɓe su.

Sirrin wannan ulu yana cikin sirantakarsa. Ana auna kaurin silin gashi da maikuron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Ulun bargo yakan wuce 30, shi ya sa yake sukar fata ya sa ƙaiƙayi, na rigar nan kuwa tsakanin 17 ne da 19, saboda haka in ya taɓa fata sai ya lanƙwashe. Silin yana iya ɗaukar danshi kusan sulusin nauyinsa a cikin cikinsa alhali bayansa bai jiƙe ba, ya riƙa sakin sa a hankali, wannan ne ya sa ba ya manne wa jiki ya yi sanyi kamar auduga, ba ya kuma tara wari da wuri kamar roba, abin da ke da muhimmanci ga mai harami da aka hana ta turare kwanaki. Marar nauyin cikinsu bai wuce giram 150 a kowace murabba'in mita ba. Kamfanonin da suka yayata shi sababbi ne, Smartwool a Amurka a 1994, Icebreaker a Niyu Zilan shekara guda bayan haka, kuma mahaya duwatsu suka yi wa, ba alhazai ba.

Ta fuskar shari'a ba na ganin wata matsala babba. Fuƙaha'un Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Halilu, sun hukunta cewa ulun da aka sausaye tsarkakakke ne. Mace kuma ba a hana ta ɗinkakkiyar tufa a harami ba, domin haraminta a fuskarta yake da tafukanta. Matsewar rigar, wadda da a waje take da an ƙi ta saboda tana siffanta jiki, ba ta da illa muddin tana ƙarƙashin sutura mai yalwa. Abu guda ne nake jan hankali a kansa, shi ne da yawa daga rigunan an yi musu 'yar kafa a bakin hannu wadda ake zura babban yatsa, sai hannun rigar ya rufe bayan tafi kamar rabin safa. Mai harami ta naɗe shi zuwa wuyan hannu, ta fita daga shubuha.

Aibinta kuma ba ɓoyayye ba ne. Tana da tsada ƙwarai, har kuɗin guda ɗaya ya isa a ɗinka wa mace kaya cikakku. Asu yana sonta, in aka ajiye ta a adaka da gumi a jiki sai a tarar da ita huji huji. Ruwan zafi da murza mai ƙarfi irin na wankinmu suna tsuke ta. A ranar da iskar Jidda ta cika da danshi kuwa, saƙaƙƙiyar auduga mai yalwa ba ta da na biyu. Amma shekarar Hijira tana gaza ta rana da kwana 11, saboda haka hajji yana kewaya zafi da sanyi cikin shekara 33: waɗanda suka tsaya Arfa a Disamba ta 1975, da ta 2006 da 2007, sun san daren Muzdalifa a kan tsakuwa, kuma bisa lissafi Arfa za ta koma Fabrairu wajen 2035, ta shiga Janairu a 2037. Ya kamata malaman bita, waɗanda ke koyar da manasiki dalla dalla, su ware ko da zama ɗaya su yi wa mata bayanin abin da za su sa a ƙarƙashin yunifom, kuma zai fi kyau a ce mace ce ke yin bayanin.

Matan kudancin Jidda dai ba su jira kowa ba. Bayan rusau ɗin 2021 da 2022 ya watsa unguwanninsu da dama, har yanzu suna haɗuwa a kasuwar gwanjo ta Sawarikh, inda dilolin tufafin Turai ke fashewa, akan kuma dace da irin wannan riga cikin tarin suwaita a kan 'yan riyaloli. Da yake yawancin abin da ake kira ulu a kasuwa roba ne, sai ka ga hajiya ta juya rigar ciki waje, ta zare sili ɗaya daga bakin ɗinki, ta ce wa mai kaya, "Ɗana, ara mini ashana." In silin ya narke ya dunƙule ya yi tauri, ta ajiye masa kayansa, in ya yi ƙaurin babbakar kan rago, ya zama toka mai murtsukewa tsakanin yatsu, sai ta gyara zama a fara ciniki.